Bitamin C, bitamin E da zafin rana: yadda ake haɗa kayan shafa ba tare da an ɓata fata ba

Duk wanda ya leƙa shagunan kayan kwalliya a babbar kasuwar Maraɗi ko kasuwar Dole ta Damagaram, zai ga ƙananan kwalabe jere, an rubuta musu "bitamin C", wasu "bitamin E", wasu kuma wata doguwar kalma, antioksidan. 'Yan mata da matan aure na saye, samari ma ba a bar su a baya ba. Tambayar da ake yawan yi ita ce: in na sayi biyu ko uku, wanne zan fara shafawa, kuma ana haɗa su ko ba a haɗawa?

Bari mu fara da ita kalmar. In kin fasa goro kin ajiye, ba da jimawa ba za ki ga cikinsa ya rine. Iska ce ta ci shi, kamar yadda take sa ƙarfe tsatsa. Irin wannan na faruwa a fatar mutum, sai dai a hankali. Hasken rana, hayaƙin itace na madafa, hayaƙin babura da na taba, duk suna haifar da wasu ƙananan ƙwayoyi marasa zama lafiya a cikin fata, waɗanda ke lalata kolajen, wato abin da ke riƙe fata ta tsaya da kyau. Daga nan ne tamoji ke zuwa da wuri, launi ya yi dabbare-dabbare. Antioksidan shi ne duk sinadarin da ke tare waɗannan ƙwayoyi kafin su yi ɓarna, ya bari a cinye shi a maimakon fata.

To me ya sa ake haɗawa? Saboda ba wuri ɗaya suke aiki ba. Bitamin C a ruwa yake narkewa, bitamin E kuwa a mai, kuma fata na da ɓangaren ruwa da na mai. Abin sha'awa, idan bitamin E ya tare ɓarna ya gaji, bitamin C ne ke farfaɗo da shi ya koma bakin aiki. A shekarar 2005 masu bincike na jami'ar Duke ta Amurka, ƙarƙashin likitan fata Sheldon Pinnell, suka buga sakamakon wani haɗi: kashi 15 cikin 100 na bitamin C, kashi 1 na bitamin E, sai rabin kashi ɗaya na asid ferulik, wani sinadari da ake samu a dusar hatsi irin su shinkafa, alkama da masara. Sun gano cewa ƙara ferulik ɗin na sa haɗin ya daɗe bai lalace ba, kuma ya ninka kariyar da yake bayarwa daga ƙunar rana. A fatar alade aka yi gwajin, ba a fuskar mace mai talla a rana tsaka ba, wannan a riƙe shi. Amma daga wannan aiki ne yawancin kamfanoni suka kwaikwayi haɗin da ake gani yau.

Ga inda matsalar ƙasarmu take. Tsantsar bitamin C, wanda ake rubuta wa "ascorbic acid" a bayan kwalba, ba ya jure zafi, haske da iska. Mu kuwa a watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40 a inuwa. Kwalbar da ta yi makonni a cikin mota daga bakin teku, ta zo ta zauna bisa tebur a rana, da wuya a ce da sauran ƙarfi a cikinta. Launi ne zai gaya miki gaskiya. Mai kyau fari ne kamar ruwa, ko da ɗan rawaya kaɗan. In ya koma ruwan lemo mai duhu ko ruwan ƙasa, ya mutu, kuɗinki ne kawai kike shafawa, wani lokaci ma har da ƙaiƙayi. Don haka ki zaɓi kwalba mai duhu, ƙarama wadda za ta ƙare cikin wata biyu zuwa uku, ki rufe ta da kyau bayan kowane amfani. Mai firigo ta sa a ciki. Wadda ba ta da shi, ko wuta ke yawan ɗaukewa a unguwarsu, ta nemi lungu mafi sanyi a ɗaki, gindin randa ma ya fi bakin taga sau goma. Akwai kuma dangin bitamin C da suka fi jure zafi, kamar wanda ake rubuta wa "sodium ascorbyl phosphate". Bai kai tsantsar ƙarfi ba, amma ya fi sauƙi ga fata, kuma a ganina ya fi dacewa da mai zaune a Tawa ko Konni wadda ba ta da wurin sanyi.

Tsarin shafawa ba wuya. Da safe a wanke fuska da sabulu mai laushi, a bari ta bushe, a ɗiga ɗigo uku ko huɗu na bitamin C, a jira kaɗan, a bi da mai, sannan a rufe da man kariyar rana mai lamba 30 ko sama. Mai ruwa-ruwa ne ke fara shiga, mai kauri ya biyo baya. Kar a ce ai fatarmu baƙa ce, rana ba ta yi mata komi. Lalle ba ta saurin ƙonewa, amma tana saurin yin tabo, kuma tabon ƙurji rana ce ke ƙara masa duhu. Antioksidan taimako ne ga man kariyar rana, ba ya maye gurbinsa.

Da dare, musamman lokacin hunturu da fata ke tsagewa, man kaɗanya na iyayenmu ya isa. Yana ɗauke da bitamin E nasa na halitta, ga arha. Mai fuska mai maiƙo da ƙuraje dai ta taƙaita shi a fuska, ta bar wa hannu da ƙafa.

Sai batun waɗanda ba a gwama su lokaci ɗaya. Maganin ƙuraje mai "benzoyl peroxide" yana kashe bitamin C, don shi aikinsa ma cinyewa ne, saboda haka ɗaya da safe, ɗaya da dare. Retinol, dangin bitamin A, na dare ne, kuma mai juna biyu ko mai neman haihuwa ta bar shi gaba ɗaya. Niyasinamid kuwa, wato bitamin B3, an daɗe ana yaɗa cewa ba ya shiri da bitamin C. Tsohon zance ne, ana iya haɗa su, sai dai mai fata mai saurin fushi ta raba musu lokaci. Kuma kowane sabon abu a gwada shi a bayan kunne ko cikin damtse na kwana biyu zuwa uku, a shigo da su ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta fara abu huɗu rana guda, in fuska ta kumbura, wa za ta kama?

Wasu kan ce tunda lemon tsami na da bitamin C, sai kawai a matsa a shafa. A'a, don Allah. Ruwan lemon tsami da ɓawonsa na da sinadarin da in rana ta same shi a fata yakan ƙona ta, har ta yi bororo, ta bar baƙin tabo na watanni. Lemon tsami, gwaiba, garin 'ya'yan kuka da zogale, a ci su a sha su, jiki zai kai wa fata rabonta.

Abu mafi haɗari shi ne mayukan bilicin da ke fakewa da sunan bitamin. Za ka ga hoton karas ko lemo a jikin kwalba, alhali a ciki akwai haidurokinon, ko kortizon mai ƙarfi, ko ma sinadarin merkuri mai lahani ga ƙoda. Bitamin C na gaskiya ba ya mai da baƙa fara. Abin da yake yi shi ne rage duhun tabo sannu a hankali, sai an yi wata biyu zuwa uku ana shafawa kafin a ga bambanci. Man da ya haska mutum cikin mako guda, da wani abu a cikinsa. Haka haɗe-haɗen da ake kwaɓawa a gida a zuba a roba ba suna ba lamba. Wadda ta riga ta daɗe tana shafa irin waɗannan, ta ga fatarta ta yi siriri, jijiyoyi sun fito ko kumatu sun yi baƙi, kar ta yanke shi dare ɗaya, domin mai kortizon in an bari kwatsam fuska kan tashi da ƙuraje da zafi. Ta ɗauki kwalbar ta tafi da ita likita, a duba abin da ke ciki, a tsara mata yadda za ta rage.