Me Ke Cinye Ƙwan Fitilar Motar Maigida?



Har gobe akwai gidajen da tsohuwar Peugeot 504 ce rufin asirinsu, irin wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975. Ita ke kai masara Funtua, ita ke kai mai naƙuda asibitin Malumfashi cikin dare. To in kin ji maigida kullum yana sayen ƙwan fitila, kuɗin cefane ne ke tafiya, kuma sau da yawa ba laifin ƙwan ba ne.

Ki tambaye shi cikin ladabi: duka biyun ke ƙonewa, ko ɗaya?

In duka biyun ne, cajin ya yi yawa. Batirin mota bolt 12 ne, in inji na aiki ya kai wajen 14. Da abin da ke daidaita cajin ya lalace, sai wuta ta haura 15, ta cinye ƙwan, ruwan batir ma ya riƙa ƙafewa. Mai wayarin zai auna nan take.

In gefe ɗaya ne, a duba mazaunin ƙwan. Ko ya saki, gargadar hanya na jijjiga shi, ko ruwan damina na shiga.

Sannan kada a taɓa gilashin sabon ƙwai da hannu, maiƙon yatsa na rage masa kwana.

Mota mai ido ɗaya, direban da ke tahowa babur yake zato. Allah ya kiyaye mana mazajenmu. Sai mako mai zuwa.