Gargaɗi Ga Mutanen Daura: Kada Ku Sayar Da Gidan Gado Kafin Ku San Inda Za Ku Kwana

Jama'ar Daura, da na Sandamu, Mai'adua, Zango da Baure, a saurara da kyau. Dillalan filaye sun sa ido a kan gidajen gado na cikin gari da gonakin bakin titi. Duk wanda aka zo masa da tayi, kada ya karɓi ko kafin alƙalami sai ya san inda iyalinsa za su kwana nan da shekara biyu.

Kowa ya san abin da ya ɗaga darajar ƙasa a garin nan. Tun hawan marigayi Muhammadu Buhari mulki a 2015 ayyuka suka yi ta sauka. A 2019 aka samu kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da asibitin sojojin sama, kuma a Disambar shekarar aka aza harsashin jami'ar sufuri. A Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka tsara zai ratsa Kazaure, Daura, Mashi, Katsina da Jibiya. Babu mai hankalin da zai ƙi waɗannan. Sai dai kowane ɗayansu yana zuwa da ma'aikata da ɗalibai masu neman ɗaki, masu iya ajiye kuɗin shekara a dunƙule. Mai gidan da ya ga haka ba ya daɗewa bai ba ɗan garuwa ko bazawara mai tuyar ƙosai wa'adin tashi ba.

Inda abin ya fi ciwo shi ne rabon gado. Magidanci ya rasu, a yi wa gida ƙima, magada su yi yawa, a rasa mai ƙarfin biyan saura. Nan take dillali zai bayyana da mai saye, don shi la'adarsa kawai yake hange. A raba kuɗi: matan mamaci su raba tumuni a tsakaninsu, 'ya mace ta ɗauki rabin abin da ɗa namiji ya samu. A hannu kuɗin suna da kauri. Amma je ka tambayi fuloti, ka tambayi buhun siminti da bandir ɗin kwano, tun bayan cire tallafin mai da faɗuwar naira a 2023, ka ga ko za su kai ka ko da linta. Sai a kama haya "na ɗan lokaci". Biki ya ci wasu, asibiti ya ci wasu, ragowar a zuba a jarin da bai tsaya ba. Ranar da kuɗin haya suka gagara, babu zauren uba da za a koma, an rushe shi an jera shaguna.

Mu nan ba mu cika ganin marasa muhalli a ƙarƙashin gada kamar a Legas ba, shi ya sa muke zaton ba mu da su. Muna da su, kunya da zumunci ne ke rufe su. Akwai gyatumar da aka raɓa a ɗakin ajiya na gidan ɗan ƙaninta, akwai samarin da ke kwana a tasha da rumfunan kasuwa, akwai masu iyali a kangon da mai shi zai iya korarsu gobe da safe. Almajirai ma, da zaurukan unguwa ne makwancinsu, kowane zaure da aka mayar shago ya tura wasu yara kwanan waje a tsakiyar hunturu.

Ga abin da magada da yawa ba su sani ba. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi akwai haƙƙin shuf'a. Idan kuna tarayya a gida ko gonar da ba a raba ba, ɗayanku ya sayar wa bare da kasonsa, kana da ikon karɓe kason ka biya abin da baren ya biya. Amma haƙƙin yana faɗuwa idan kana gari, ka sani, ka yi shiru har lokaci ya ja. Saboda haka kada a tsaya jin nauyin Yaya ko Baffa. A tambayi malami, a je gaban alƙali da wuri. Mata musamman, kada wadda ta dangwala yatsa a takardar da ba a karanta mata ba.

Sai masu cewa za su sayar a cikin gari su sayi awon igiya a bayan gari. Ku yi hattara. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna, kuma yana da ikon soke mallaka idan aikin jama'a ya taso. Diyyar da dokar ta tanada ta gini ce da amfanin gona, ba ta farashin da ka sayi filin ba. Takardar cinikin da aka rubuta a gaban shaidu tana da amfani tsakaninka da wanda ya sayar maka, amma ba ta tsayar da katafila. Mafi arhar fulotan nan kuma a kan hanyar ruwa suke ko a bakin kududdufi. A Yulin 2018 ambaliya ta kashe fiye da mutum 40 a Jibiya cikin dare ɗaya, a cikin jihar nan tamu.

Wannan hanya wasu sun riga mu binta. A Yulin 1990 gwamnatin soja ta Raji Rasaki ta rushe unguwar Maroko a Legas, aka kori mutanen da aka ƙiyasta sun kai 300,000, yau wurin manyan gidaje ne da talaka ba ya shiga sai da aikin gadi. Raba gari gida biyu ma tsohon abu ne. Dokar birane ta 1917, zamanin Gwamna Lugga, ta sa a bar fili mai faɗin yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta baƙar fata, daga nan muka gaji unguwannin da ake kira GRA. A da launin fata ke raba mazauni, yanzu aljihu ke yi. Idan ba a farga ba, jikokin mutanen Kusugu, Sarkin Yara da Ubandawaki za su riƙa shigowa kallon hawan Sallah daga bayan gari, su koma kafin magariba.

Idan dillali ya ce maka ka yi sauri, tunda Baba Buhari ya rasu a Yulin 2025 farashi zai faɗi, ka tambaye shi me ya sa mai sayen ke rawar jiki.

Iyayenmu masu unguwanni da dagatai, Allah ya ja zamaninku, hannunku ake nema a kan kowace takardar ciniki. Kada ku sa shi sai kun ga magada duka, maza da mata, kun ji daga bakinsu, kun tabbatar marayu suna da wakili na gaskiya. Muna roƙon hakimai da majalisar Mai Martaba Sarkin Daura su mayar da wannan ƙa'ida a faɗin masarauta. Gwamnatin jiha kuma ta yanka fulotai masu tsari da araha ga masu ƙaramin ƙarfi, ta sauƙaƙa samun takardar mallaka, kuma kada a rushe matsugunin kowa sai an nuna masa inda zai koma. Limamai su faɗi wannan a huɗubar Juma'a mai zuwa. Wanda kuma ya riga ya karɓi kafin alƙalami, kada ya taɓa kuɗin, kada ya sa hannu a komai, ya tara 'yan'uwansa a daren yau.