GYARAN KURAKURAN KAFI A SABON GIDAN HAƊI

Tun da aka kafa Yankin Babban Birnin Tarayya bisa Doka ta 6 ta shekarar 1976, har gwamnati ta ƙaura daga Ikko zuwa Abuja ranar 12 ga Disamba, 1991, buƙatar muhalli ba ta daina ƙaruwa ba. Wannan ya sa wasu ke sayen gidan haɗi, watau gidan da ake ƙera bangayensa da rufinsa a masana'anta, sa'an nan a ɗauko su a mota, a harhaɗa a kan fili cikin 'yan kwanaki.

Abin da ya kamata jama'a su sani shi ne, yawancin aibin irin wannan gida wajen kafi yake samuwa. Ko da kayan sun fito daga masana'anta lafiya lau, in harsashi ya karkace ko aka bar ƙusoshi sako-sako, gidan ba zai yi ƙarko ba.

ABUBUWAN DA ZA A DUBA

Na farko, harsashi da daɓe. In ƙofa tana cijewa, ko taga ta ƙi rufuwa, ko bango ya tsage daga kusurwar ƙofa, alama ce ta cewa wani gefe ya nutse. Fere ƙofar ba magani ba ne. Sai an ɗaga gefen an daidaita shi.

Na biyu, ƙusoshi masu noti da suka ɗaure gida da harsashinsa. Guguwar farkon damina a Abuja, wajen watan Afrilu, takan yaye kwanon da ba a ɗaure shi sosai ba.

Na uku, mahaɗar bangaye da ta rufi, domin ta nan yoyo yake farawa. Tabon ruwa a silin shi ne shaida.

Na huɗu, famfo da wayar lantarki. A buɗe kowane famfo, a duba bututu. A tabbata an kafa wayar da ke sauke wuta cikin ƙasa, musamman in jikin gidan na ƙarfe ne, gama rashinta yana iya kashe mutum.

Na biyar, magudanar ruwa. Wajibi ne ƙasar da ke kewaye da gida ta gangara waje, don kada ruwa ya kwanta a gindin harsashi.

HANYAR NEMAN GYARA

Yarjejeniyar gini takan ƙunshi wa'adi, galibi wata shida ko shekara guda, wanda a cikinsa ɗan kwangila zai gyara aibin aikinsa da kuɗinsa. Akan kuma riƙe wani ɗan kaso na kuɗin aikin sai wa'adin ya cika. Saboda haka mai gida ya rubuta duk abin da ya gani, da kwanan wata da hoto, ya aika wa ɗan kwangila a rubuce, ya ajiye kwafi. Maganar baka ba ta zama hujja.

Kada ya kira wani kafinta dabam ya taɓa aikin, domin yin haka yana iya ba ɗan kwangila hanyar zamewa. In da hali, a nemi wa'adin ya haɗa da damina guda, gama a Abuja ruwa yakan kai har watan Oktoba, kuma shi ne ke tona asirin rufi.

In aibin ya shafi harsashi, a nemi injiniya mai rajista da majalisar COREN, wadda aka kafa a 1970, ya duba ya rubuta rahoto. In ɗan kwangila ya ƙi gyara, ana iya kai kuka ga Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya, FCCPC, ko kuwa kotu.

Ana kuma tunatar da jama'a cewa gidan haɗi ma yana buƙatar izinin Sashen Kula da Gine-gine na Abuja kafin a kafa shi. Tun ran gini ake zane.