Bikin Ista a Gaɓar Nilu Shuɗi da Yadda Maƙwabtan Hausawan Rusairis Ke Gudanar da Shi

Hausawan da ke zaune a ƙauyukan Jazira da gaɓar kogin Nilu Shuɗi a ƙasar Sudan, daga Mai Wurno da ke kusa da Sinnar har zuwa Rusairis, Musulmi ne waɗanda kakanninsu suka iso ta hanyar hajji ko a hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, amma ƙasar da suka sauka a cikinta ta daɗe da sanin Kiristanci, domin daular Alwa mai babban birni a Soba ta Kiristoci ce kafin Funj su kafa Sinnar a wajajen 1504. A cikin jama'un Kiristoci da ke maƙwabtaka da su akwai Kibɗawa, mabiya cocin Masar, mazauna birane irin su Wad Madani, da Habashawa na tsallaken iyaka, da Uduk na kudancin jihar Nilu Shuɗi, kuma kowaccensu da irin yadda take bikin Ista.

Ista ita ce ranar da Kiristoci suka yi imani cewa Yesu Almasihu ya tashi daga matattu bayan an gicciye shi ranar Juma'a, abin da ya saɓa wa aƙidar Musulmi cewa Allah Ya ɗaukaka Annabi Isa ba tare da an kashe shi ba. Ranar ba ta tsayawa wuri ɗaya, saboda ƙa'idar da ake jingina wa taron malaman coci na Nikiya a shekarar 325 ta ɗora ta a kan Lahadin da ta biyo bayan cikar wata daga 21 ga Maris. Da Fafaroma Giregori na 13 ya gyara kalanda a 1582, cocin Masar da na Habasha sun ci gaba da tsohon lissafi, wanda yanzu yake baya da kwana 13, shi ya sa a 2024 Katolika da Furotesta suka yi bikin a 31 ga Maris, Kibɗawa da Habashawa kuwa sai 5 ga Mayu, alhali a 2025 duka sun haɗu a 20 ga Afrilu. A Turai lokacin na fitowar furanni ne bayan sanyi, amma a Rusairis tsakiyar bazara ne, sa'ad da kogi ya ja baya, zafi ya kai maƙura, ana jiran faɗuwar damina.

Kibɗawa kan shiga bikin ne bayan azumin kwana 55, wanda a cikinsa ake barin nama da madara da ƙwai har da kifi, ana dogara da wake da ganye da man girki na tsirrai. A daren Asabar ana kashe fitilun coci, a rufe ƙofar wurin da limamai ke tsayawa, a yi musayar waƙe tsakanin na ciki da na waje, sannan a buɗe ƙofar a kunna fitilu don nuna tashin da suka yi imani da shi, bayan haka iyalai su koma gida su ci naman da suka yi makonni ba su ɗanɗana ba. Litinin da ke biye ita ce Shammun Nasim, wato ranar shan iska, wadda hutu ce ta ƙasa a Masar, kuma ta samu karɓuwa a biranen Sudan, inda Musulmi da Kiristoci kan fita gaɓar kogi da dafaffen ƙwai mai launi da albasa da fasik, ko da yake wasu malaman Musulunci na hana halartarta. Fasik ƙananan kifaye ne da ake jerawa da gishiri a rufe har su tsima, kuma a Sudan akan dafa shi da albasa da tumatir da markaɗaɗɗiyar gyaɗa a ci da gurasa. Kamun kifi kuwa sana'a ce da Hausawa suka yi suna a kanta a tafkin madatsar Rusairis, wadda aka kammala a 1966.

A Habasha, inda kogin ya faro daga tafkin Tana, sunan bikin Fasika, azuminsa ma kwana 55 ne, kuma masu ibada kan kwana a coci cikin fararen tufafi ana kaɗa manyan ganguna har kusan ƙarfe uku na dare, kafin a buɗe baki da miyar kaza mai yaji da dafaffen ƙwai, a ci da injera, wato faffaɗar waina mai tsami. Uduk kuwa sun karɓi addinin ne ta hannun mishan ɗin SIM da ya sauka a Chali a 1938, ƙungiyar da ta yi aiki a Arewacin Nijeriya, saboda haka suna bin kalandar yamma, bikinsu kuma ya fi karkata ga wa'azi da waƙoƙin coci da harshensu, kamar yadda Hausawa Kiristoci ke yi a Wusasa ta Zariya.

Wannan bambanci na nuna cewa aƙida ɗaya kan ɗauki kamannin ƙasar da ta zauna, ta fuskar lissafin kwanaki da tsawon azumi da abin da ake dafawa. Sanin haka na da amfani ga yankin da ya ga rikicin ƙabilanci na Yulin 2022, wanda ya ci rayukan Hausawa da maƙwabtansu a Rusairis da Damazin, sannan ya ga yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar Asabar 15 ga Afrilun 2023, jajibirin Istar Kibɗawa, ya kuma raba Musulmi da Kiristoci da gidajensu ba tare da ya bambance su ba. Bahaushen da ya san lokacin da maƙwabcinsa ke azumi da ranar da yake buɗe baki bai rage komai daga addininsa ba, haƙƙin maƙwabtaka da Musulunci ya ɗora masa yake saukewa, kuma sake gina zaman lafiya a gaɓar wannan kogi zai buƙaci irin wannan sani daga kowane ɓangare.