CARLOS CHAVEZ: MAKAƊIN DA YA GINA WA KIƊAN MEKSIKO GIDA

A ran 23 ga watan Janairu na shekarar 1936, gidan rediyon CBS da ke birnin Niyu Yok a ƙasar Amurka ya watsa wani sabon kiɗa mai tsawon kimanin minti 12, wanda aka raɗa wa suna Sinfonia India. Masu sauraro sun ji goge da sarewa da ƙaho irin na Turawa kamar yadda suka saba, amma a ƙarƙashinsu akwai amon ganguna da kayan kaɗawa da ba su san irinsa ba. Mutumin da ya tsara kiɗan, wanda kuma ya tsaya gaban makaɗan yana yi musu jagora, shi ne Carlos Chavez, ɗan ƙasar Meksiko mai shekara 36 da haihuwa.

Wannan kiɗa shi ne ya fi fito da sunansa a duniya. Amma babban aikin da ya yi wa ƙasarsa ya wuce rubuta kiɗa: shi ne ya kafa mata ƙungiyar makaɗa mai ɗorewa, ya gyara makarantar koyon kiɗa, ya kuma shugabanci hukumar gwamnati mai kula da fasaha. Rayuwarsa ta nuna abin da ake samu, da kuma abin da ake rasawa, idan mai fasaha ya zama babban ma'aikacin gwamnati.

TASOWARSA

An haifi Chavez ran 13 ga watan Yuni, 1899, a Popotla, kusa da birnin Meksiko. Mahaifinsa ya mutu tun yana ƙarami, mahaifiyarsa kuwa, wadda malamar makaranta ce, ita ta ɗauki nauyin renon 'ya'yan. Ya koyi kaɗa fiyano a wurin Manuel Ponce, wani sanannen mai tsara kiɗa, daga baya kuma a wurin Pedro Luis Ogazon. Amma ilmin tsara kiɗa mafi yawansa da kansa ya koya, ta hanyar nazarin rubutattun ayyukan magabata. A lokutan hutu iyalinsa sukan je yankin Tlaxcala, inda yaron ya riƙa jin kiɗan 'yan asalin ƙasar, waɗanda Turawa suka laƙaba wa suna Indiyawa.

Meksikon da ya taso a ciki ƙasa ce mai neman kanta. Turawan Sifen sun ci daular Aztek da yaƙi a 1521, suka mallaki ƙasar shekara 300, har ta sami 'yanci a 1821. Duk da haka, a zamanin doguwar mulkin Shugaba Porfirio Diaz, manyan birni ba su ɗauki wani abu da daraja ba sai wanda ya fito daga Faransa ko Italiya ko Jamus. Kiɗan talakawa da na 'yan asalin ƙasa kuwa ana ganinsa abin ƙauye. A 1910 juyin juya hali ya ɓarke, aka shafe kimanin shekara 10 ana zub da jini. Da ƙura ta lafa, sabuwar gwamnati ta ƙudura cewa al'adun 'yan ƙasa su ne za su zama ginshiƙin sabuwar Meksiko.

Ministan ilmi na lokacin, Jose Vasconcelos, shi ne ya ba masu zane irin su Diego Rivera bangayen gine-ginen gwamnati don su zana tarihin jama'a a kansu, yadda wanda bai iya karatu ba ma zai gani ya fahimta. A 1921 ya nemi Chavez, yana saurayi ɗan shekara 22, ya tsara kiɗan wani wasan rawa a kan al'adar Aztek. Chavez ya rubuta El Fuego Nuevo, wato Sabuwar Wuta. Sai dai ba a kaɗa shi a lokacin ba. Ya jira har 1928. Daga nan saurayin ya gane cewa rubuta kiɗa ba ya wadatarwa in babu makaɗan da za su kaɗa shi da kuma dandalin da za a saurare shi.

A 1922 ya auri Otilia Ortiz, wadda ita ma makaɗiyar fiyano ce, suka ziyarci Ostiriya da Jamus da Faransa. Turai ba ta burge shi yadda ake zato ba. Niyu Yok ce ta ja hankalinsa, inda ya zauna daga 1926 zuwa 1928, ya ƙulla abota da masu neman sabon salo irin su Edgard Varese da Aaron Copland. Abotarsa da Copland ta ɗore kusan shekara 50.

ƘUNGIYA DA MAKARANTA

Da ya komo gida a 1928, ƙungiyar ƙwadagon makaɗa ta birnin Meksiko ta danƙa masa jagorancin wata babbar ƙungiyar makaɗa, wadda ta shahara da suna Orquesta Sinfonica de Mexico. Kafin wannan lokaci irin waɗannan ƙungiyoyi sukan tashi su faɗi cikin 'yan shekaru. Chavez ya riƙe tasa shekara 21. Ya tsananta horo, ya nemo kuɗi daga gwamnati da attajirai, ya shirya wasanni na musamman domin ma'aikata da 'yan makaranta, ya kuma kai ƙungiyar garuruwan larduna. Ya gayyato manyan baƙi, cikinsu har da Igor Stravinsky, suka yi wa makaɗan Meksiko jagora. A 1937 ƙungiyar ce ta fara kaɗa El Salon Mexico, kiɗan da Copland ya tsara bayan ziyarar da ya kai ƙasar bisa gayyatar abokinsa.

A ƙarshen 1928 kuma aka naɗa shi shugaban makarantar koyon kiɗa ta ƙasa. A nan ya sauya tsarin koyarwa: maimakon ɗalibi ya shekara da shekaru yana haddar ƙa'idojin Turai kafin a bar shi ya rubuta ko layi ɗaya, sai ya sa ɗalibai su fara tsara nasu tun da wuri, ya kuma kafa sassan bincike don tattara kaɗe-kaɗe da kayan kiɗan gargajiya. Daga ajinsa aka sami samari huɗu da aka sani da Rukunin Huɗu: Daniel Ayala, da Salvador Contreras, da Blas Galindo, da Jose Pablo Moncayo. A 1941 Chavez ya jagoranci kaɗa Huapango na Moncayo karo na farko, kiɗan da mutanen Meksiko suka so har wasu suna kiransa taken ƙasa na biyu.

KIƊAN WA?

Sinfonia India an gina shi ne a kan karin waƙoƙin gargajiya na ƙabilun arewa maso yammacin ƙasar: Yaki na jihar Sonora, da Seri na tsibirin Tiburon, da mazauna duwatsun jihar Nayarit. Chavez ya nemi a yi amfani da kayan kiɗan mutanen. Akwai ƙwaryar da ake kifewa a kan ruwa ana bugawa, kwatankwacin wadda mata masu kiɗan ƙwarya suke bugawa a ƙasar Hausa. Akwai jerin busassun gidajen tsutsa masu tsakuwa a ciki, waɗanda masu rawa suke ɗaurawa a ƙafa, da jerin kofatan barewa, da gangar itace mai harshe biyu da Aztek suke kira teponastli. Da yake ya san ba kowace ƙungiya a duniya za ta sami waɗannan kaya ba, ya nuna kayan Turawan da za su iya maye gurbinsu.

Game da kiɗan Aztek kansu kuwa, matsalar ta fi haka zurfi. Aztek ba su bar rubutun kiɗa ba, Turawan mulki kuma sun murƙushe bukukuwansu. Abin da ya rage shi ne kayan kiɗa da aka tono, da zane-zane, da bayanan limaman Kirista na farko. Chavez bai ɓoye wannan ba. A 1940, lokacin da aka yi wani babban nunin fasahar Meksiko a Niyu Yok, ya tsara kiɗan da ya kira Xochipilli, sunan abin bautar Aztek na kiɗa da furanni, daga baya kuma ya bayyana a ƙarƙashin sunan cewa kiɗan Aztek ne na zato.

Masu nazari na baya sun ta da wata tambaya mai nauyi. Gwamnatocin da suka ɗaukaka Aztek na da, su ne kuma suka bar jikokin 'yan asalin ƙasa cikin talauci. Ƙabilar Yaki, wadda waƙarta ta shiga manyan zaurukan duniya, ta sha yaƙi da kora daga ƙasarta a zamanin Diaz, har a 1926 da 1927 ma sojojin sabuwar gwamnati sun sake auka mata. Waƙar ta sami daraja, masu waƙar ba su samu ba. Wannan ba laifin mutum ɗaya ba ne, amma yana cikin tarihin kiɗan.

Ya kamata kuma a sani cewa ayyukansa masu launin gargajiya kaɗan ne cikin abin da ya rubuta. Ya tsara simfoni shida. Na farko, Sinfonia de Antigona na 1933, a kan wani tsohon labarin Girka ne. Wasan rawarsa mai suna H.P., wanda aka fara nunawa a Filadelfiya a 1932 da zane-zanen Rivera, ya shafi injuna da cinikin da ke tsakanin ƙasashen arewa masu masana'antu da na kudu masu albarkatun gona. A 1942 ya rubuta Toccata domin masu kayan bugawa shida kawai, wanda har yau ɗaliban ganga suke koyo a makarantun kiɗa.

MULKI DA RIGIMA

Hausawa sun ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. Ikon da Chavez ya tara ya jawo masa abokan gaba. Silvestre Revueltas, gwanin goge wanda shi Chavez ɗin ya kira gida ya zama mataimakinsa a 1929, ya rabu da shi a 1935. Cikin abubuwan da suka raba su har da kiɗan wani fim mai suna Redes, wanda aka shirya Chavez zai tsara, amma bayan ya bar muƙaminsa a ma'aikatar ilmi aka ba Revueltas. Revueltas ya mutu a 1940 yana da shekara 40 cikin talauci, kuma har yau masoyansa suna ganin ba a ba shi haƙƙinsa ba. Da yawa cikin masu sauraro a yanzu sun fi son kiɗansa, musamman Sensemaya na 1938, bisa na Chavez.

A ƙarshen 1946 gwamnatin Shugaba Miguel Aleman ta kafa hukumar fasaha ta ƙasa, wadda aka sani da INBA, bisa tsarin da Chavez ya taimaka wajen shiryawa. Shi ne shugabanta na farko daga 1947 zuwa 1952, yana kula da kiɗa da rawa da wasan kwaikwayo da zane. A ƙarƙashinta aka kafa ƙungiyar makaɗa ta ƙasa wadda gwamnati take biya, tsohuwar ƙungiyarsa kuwa ta watse. Aikin ofis ya cinye masa lokacin rubutu. Sai bayan ya sauka ne ya kammala simfoninsa huɗu na ƙarshe. Ya gabatar da laccoci a jami'ar Harvard a 1958 zuwa 1959, a 1960 kuma ya buɗe wani aji na musamman wanda ya yaye Eduardo Mata da Mario Lavista.

A 1973 Shugaba Luis Echeverria ya sake kiransa ya riƙe sashen kiɗa na hukumar da kuma ƙungiyar makaɗa ta ƙasa. A wannan karon makaɗan suka ƙi amincewa da gyare-gyarensa, ya ajiye aikin ba da daɗewa ba. Ƙungiyar ƙwadago ce ta ɗora shi a 1928, rigima da makaɗa kuma ita ta sauke shi bayan shekara 45. Ya ƙare yawancin sauran kwanakinsa a Niyu Yok cikin rashin lafiya da ƙarancin kuɗi. Ya mutu a birnin Meksiko ran 2 ga watan Agusta, 1978, watanni kaɗan bayan mutuwar matarsa, aka binne shi a maƙabartar da ƙasar ta keɓe wa fitattun 'ya'yanta.

Hukumar da ya shugabanta tana nan tana aiki, ƙungiyar makaɗa ta ƙasa tana wasa a babban zauren Bellas Artes, akwai kuma ƙungiyar matasan makaɗa da ke ɗauke da sunansa. Ana iya yin gardama a kan wanda ya fi wani hazaƙa tsakaninsa da Revueltas. Amma ayyukan Revueltas da dama, da na Moncayo da na Galindo, ƙungiyar da Chavez ya riƙe ce ta fara kaɗa su ga jama'a.