Dabbar Shekara da Katin Zumunci a Japan

Da hantsin ranar 1 ga Janairu, ma'aikatan gidan waya na Japan kan bi gida-gida da ɗaurin katunan gaisuwar sabuwar shekara da ake kira nengajo. Tun tsakiyar Disamba ake aika su, gidan waya ya tsare su har ranar ta zo, don kowa ya karɓi nasa lokaci guda. Galibinsu na ɗauke da hoton dabbar shekarar, ɗaya daga cikin sha biyun da Japanawa suka aro daga Sin: ɓera, sa, damisa, zomo, dodon tatsuniya, maciji, doki, tunkiya, biri, zakara, kare, sai aladen daji a gurbin aladen gida na Sinawa. A 1873 Japan ta koma kalandar Miladiyya, ta mayar da bikin sabuwar shekara zuwa farkon Janairu, amma ta riƙe dabbobin. A ganina zumunci ne ya raya su. Tsohon malaminka, ko abokin aikin da kuka rabu shekara ashirin, hira ta ƙare tsakaninku tuntuni; dabbar da ke sauyawa kowace shekara ita ce ke ba ka abin zanawa da hujjar sake yin sallama.

Wani zai ce ai camfi ne, kuma yana da abin kafa hujja. A 1966, shekarar da suke kira ta dokin wuta, wadda ke zagayowa bayan shekara 60, haihuwa ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, saboda tsohuwar maganar cewa macen da aka haifa a cikinta za ta yi zafin rai har ta zama ajalin mijinta. Wannan zalunci ne ga mata, ba kuwa abin karewa ba ne. Sai dai tsoron a wajen neman aure ya yi tasiri. Dokin da ke kan kati fatan lafiya yake kaiwa, ba ya duba wa kowa ƙaddara.

Sukar da ta fi ƙarfi ita ce ta wahala da tsada. A 2003 an buga kati sama da biliyan 4. Tun daga nan adadin yake faɗuwa, kuɗin katin ya kai yen 85 a 2024, tsofaffi da yawa kuma suna rubuta cewa wannan ne katinsu na ƙarshe. Saƙon manhajar LINE ya fi sauri, gaskiya ne, amma waɗanda ake hira da su kullum yake iskewa. Dubi gidan da aka yi rasuwa: tun Nuwamba sukan aika katin makoki ga duk wanda ke cikin littafin adireshinsu, su ce bana ba za su yi gaisuwar shekara ba. Ta haka abokin nesa yake jin mutuwar, ya dakatar da katin murna, ya jira bikin ya wuce, sannan ya aiko da gaisuwar lokacin sanyi wadda ta'aziyya ke ciki.