Makarantar ƙananan yara a ƙasar Gaya: ina za a zaunar da su?

Idan watan Oktoba ya kama, damina ta ɗauke, iyaye sukan kama hannun yaransu zuwa lakol. Amma akwai wani aji da yawancin ƙauyukanmu ba su san shi ba, wato jardan, inda ake reno da horon yara tun ba su isa shiga aji na farko ba. Dokar ilimi ta ƙasa ta ranar 1 ga Yuni 1998 ta sa shi cikin tsarin karatu, amma yaran Nijar da ke samunsa ba su kai ɗaya cikin goma ba, kuma galibinsu ƴan birni ne.

A Zabori, wadda ke ƙarƙashin Gaya har 2011, lokacin da aka mai da ita ƙarƙashin Junju, maganar ta fi nauyi. Ƙasa ce ta bakin iyaka, ga Najeriya gabas, ga Benin kudu. A wannan yanki ɗan Arawa da ɗan Fulani da Bazabarme da Dandawa duk za su iya haɗuwa kan tabarma guda. Da wane harshe malama za ta fara da su? Ba Faransanci ba dai, in ana son yaro ya buɗe baki. Tun 1973 aka gwada koyarwa da Hausa a Damagaram, aka ga amfaninta. Sai dai malamar da ta iya harshe ɗaya tak za ta bar rabin ajinta shiru.

Sannan ga cunkoso. Ƙidayar 2012 ta nuna jama'armu na ƙaruwa da kashi 3,9 cikin ɗari kowace shekara, gini kuwa ba ya bin wannan sauri. Da yara sun yi yawa, sai a kafa rumfar zana. Mun san abin da ya biyo baya: a watan Afrilu 2021 gobara ta halaka yara 20 a unguwar Pays-Bas ta Yamai, a Nuwamba kuma sama da 20 a Maraɗi. Nan take gwamnati ta hana zaunar da ƴan jardan cikin rumfa.

Hanin daidai ne. Amma a ƙauyen da babu ɗakin bulo ko na laka, ma'anarsa a rufe rajista. Ya kamata magadan gari da kwamitocin iyaye su ƙirga yaran da za a kawo tun da rani, kafin ruwa ya sauka ya hana bugun tubali.